Layar Gonar Yamma

Lahadi, 12 ga Agusta, 1962, da hantsi

Sun tafi da Lantana. Yayanta Lado ne ya zo da jaki, ya tsaya a zaure ko tabarma bai hau ba, ya ce mahaifinsu ya ce ta zo Malikanchi a yi Mauludi da ita. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin an turo jaki don Mauludi ba, balle a ce mace ta haɗa har da kwanukanta. Ta goya 'yarmu Ummuhani, ta wuce ni kanta a sunkuye. Na ce, "Sai yaushe?" Lado ya karɓe, wai sai yadda hali ya yi.

Ban yi masa rakiya ba. Ya san hanya.

Litinin, 13 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda a Ikara kowa ya riga ya rubuta nasa da baki.

Gonar bayan gidan nan 'yar hanya ce ta raba ta biyu, gabas da yamma. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya na shuka gero. Da shuka surukina Malam Sada ya zo da kansa, yadda yake yi wa kowa a dangi, ya binne laya cikin ƙahon rago a tsakiyar kowane ɓangare, maganin tsutsa da tsuntsu da bakin mutane. Na yi godiya, na raka shi bakin hanya. Da na dawo sai na tone ta yamma, na kakkaɓe ta, na sa a gwangwanin shayi, na ɗora kan katangar ɗaki, sama da kaina. Ban taka ba, ban jefar ba. So nake in gani da idona. Ni malamin gona ne, abin da aka koya mini ke nan a Samaru: in kana so ka san ko abu yana aiki, ka sa a nan, ka hana can, ka jira kaka.

Gero ya tashi, na yamma bai bar wa na gabas komai ba. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ran kasuwar Makarfi, a rumfar masu mazarƙwaila, wani ya ce ai dole gerona ya yi kyau, ina da suruki mai alƙalami. Bakina ya ƙi zama, na ce ai na yamma ba laya, da hannuna na tone ta. Ni da nake kan keke, labari ya riga ni isowa gida.

Talata, 14 ga Agusta, da la'asar

Liman da mai unguwa da Lado sun zauna mini a zaure. An yi gaisuwa doguwa, an tambayi aiki da damina da gajiya, ba wanda ya tambayi iyali. Sannan Liman ya ce, "Uwaisu, gaskiya ne ka tone layar?" Na ce gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam. Ya ce ina take? Na ce tana nan a killace, na shiga na ɗauko gwangwanin ina tafiya ɗai-ɗai, don na san zan ba Lado kunya.

Na buɗe a gabansu. Ba komai a ciki.

Lado ya yi salati da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Liman dai bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, a cikin layar nan akwai ayoyi. Ana cewa a juji ka watsar. Wanda ya wulaƙanta aya ya fita daga addini, wanda ya fita kuwa ba aure tsakaninsa da Musulma. Ka gane inda maganar ta dosa?"

Na gane. Abu biyu suke so kafin a yanke gero: in kawo layar, in kuma kawo akwatin littattafaina a ƙona a ƙofar masallaci. In ba haka ba a je gaban alƙali a raba ni da Lantana.

Laya zan nema. Littattafai ba zan ƙona ba.

Laraba, 15 ga Agusta, da safe

Na kwashe ɗaki kaf, na duba rumbu, na duba bayan randa, har ramin ɓera na zura hannu. Ɓera dai ba ya buɗe gwangwani ya mayar da murfi.

Alhamis, 16 ga Agusta, da yamma

Littattafan da ake wannan tashin hankali a kansu, wani Bature malaminmu ne ya bar mini da zai koma ƙasarsu bayan an sami 'yancin kai. Yawancinsu na ƙasa da tsiro ne. Uku ne masu laifi. Mai koren bango yana koyar da yadda ake gwada magana kafin a yarda da ita, ko wa ya faɗe ta. Mai ruwan ƙasa yana cewa mutum da dabba tushensu ɗaya. Shi ne Lado ya buɗe da ya kwana a nan bara, ya ga hoton biri tsaye kusa da mutum, ya rufe ya je ya wanke hannu. Na ukun baƙi ne, mai shi ya ce babu Mahalicci, ya kuma jero dalilansa. Na cika gefen shafukansa da fensir, wani wuri na ce masa ƙarya kake, wani wuri na rasa abin da zan ce masa.

Duk masu son a ƙona su ba mai iya karanta ko sunan da ke bango. Lado yana kiransu littattafan babu Allah, har da na kiwon kaji.

Juma'a, 17 ga Agusta, bayan masallaci

An ce a gyara sahu, sahu ya gyaru ko'ina ban da gefena. Dama da hagu an bar mini filin da akuya za ta kwanta. Na gode, dama zafi ake yi.

Matan maƙwabta da suke aiko mini kaji in yanka musu, yau na ga an wuce ƙofata da zakara an kai gidan gaba. Wannan ya fi na masallaci yi mini ciwo, ban san dalili ba.

Asabar, 18 ga Agusta

Tsintsiyarta tana nan inda ta jingine ta. Ban taɓa ba.

Litinin, 20 ga Agusta, da azahar

Inna Fatsuma, mahaifiyata, ta zo daga Janfalan da ƙullin kuka da daddawa. Kafin ta sha ruwa ta fara.

"Ɗan nan, me aka yi aka yi takarda? Takarda ce za ta yi maka tuwo?"

Na ce Inna, ba don na yarda da duk abin da ke ciki ba ne. In na ƙona yau don an tsorata ni, gobe duk abin da zan gaya wa manomi kan iri da taki sai na fara duba fuskar Lado. Ta ce ita ba ta san wannan ba, jikarta take so. Sai ta matso ta rage murya, wai akwai wani malami a Taba, ta wajen Kudan, ba ya tambayar dalili, ƙahon rago kuwa ko a mahauta sai a samu. A rubuta wata, a shafa mata ƙasa, in ce a bayan rumbu na tsinta.

Na ce a'a. Na tone laya don in san gaskiya, yanzu kuma in ƙera ta ƙarya don in tsira? Ta kalle ni ta ce tun ina goye haka nake, in aka ba ni nono sai na duba.

Tuwonta ya yi daɗi. Ba irin na gidan nan ba ne dai.

Laraba, 22 ga Agusta, da magariba

Na je Malikanchi. Na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa. Malam yana kan buzu yana rubutu, ya bar ni a durƙushe har ya kai ƙarshen layi. Daga cikin gida na ji muryar Ummuhani. Inna takan ce ba a kiran sunan 'yar fari, ni kuwa ina kira, yau ma saura kaɗan in kira.

Ya ce, "Uwaisu, da ka tambaye ni, da na gaya maka laya ba ta hana tsutsa sai in Allah ya so. Amma ka yi mini godiya, ka riƙe mini sanda har bakin hanya, ka koma ka tone. Sannan a kasuwa na ji, a bakin masu rake."

Wannan kam ya same ni. Na ce na yi kuskure da ban gaya masa ba, ya yafe mini. Da na tsaya nan, wataƙila da yanzu ba ni kaɗai nake cin tuwo ba. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, in ba ta hanawa sai an so, in an so kuma ko ba ita za a hana, to mene ne aikinta?"

Ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Wannan tambayar a wane littafi take?" Na ce tawa ce. Ya ce to in ɗauke ta mu tafi tare.

Ban ga Lantana ba. A hanya ruwa ya yi mini duka, sarƙar keke ta zame, na turo shi har gida ina ta ba Malam amsoshin da ban ba shi ba.

Alhamis, 23 ga Agusta

Ba zan ƙona ba. Tambayar kuma har yanzu ba a amsa ta ba.

Asabar, 25 ga Agusta, da hantsi

Na je Janfalan nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani a gindin dawa. Mutum uku suka fito, ɗaya kurma ne. Wani dattijo ya tambaye ni ko gaskiya ne a cikin takin ma akwai abin da ke hana mutum salla. Na ce Baba, in akwai, da dawar Samaru duk ta kafirta. Bai yi dariya ba.

Gero ya soma sunkuyawa. Na tsaya a 'yar hanyar nan na dubi gabas na dubi yamma. Ko me za su yi mini, wannan dai ba za su iya ƙona shi ba: ɓangaren da ba laya ya yi daidai da mai laya. Da wannan nake barci.

Litinin, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Inna ta je Malikanchi duba jikarta, ta dawo tana tafa hannu tun daga zaure, ban sani ba dariya take ko kuka.

Ashe ba wanda ya gaya wa Lantana komai. Cewa aka yi da ita karatu ya taɓa mini kai, ta zauna har a yi mini addu'a. Maganar maza ce, an bar ta a zaure. Da Inna ta ambaci gwangwanin shayi sai Lantana ta dafe ƙirji ta ce, "Wai ita ake nema?"

Ita ta ɗauke. Kwana biyu da shuka tana share katanga ta gan ta, ta gane ƙahon mahaifinta, ta leƙa bayan gida ta ga ramin da na bari. Da almuru ta fita da 'yar fartanya ta mayar da ita inda take, ta daddale ƙasa, ta yi shiru.

Tun watan shuka ke nan layar tana ƙarƙashin geron yamma.

Inna tana ta cewa alhamdulillahi, ɗanta ya kuɓuta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Talata, 28 ga Agusta, da azahar

An tona. Ban taɓa ganin taro irin wannan a gonata ba, ko ranar da na kira a zo a ga sabon iri. Malam ya zo a kan jaki, ya nuna wuri da sanda, Lado ya sara. Ƙaho ya fito. Malam ya buɗe, ya duba rubutun, ya ce nasa ne. Aka ɗau kabbara, wasu suna shafa kan geron suna shafawa a fuska.

Ni na shuka, ni na yi noma, ni na zuba taki, ni na yi cika baki a Makarfi, ga shi na gama yi wa layar surukina talla kyauta.

Liman ya ja ni gefe, fuskarsa a sake. Mutumin kirki ne, so yake a gama. Ya ce maganar wulaƙanta aya ta mutu, aure yana nan, ba zancen alƙali. Abu ɗaya ya rage, in faɗa a gaban jama'a cewa na gwada na kuma ga amfanin laya. Ya ce in na faɗi haka zai roƙi Malam a bar maganar akwati.

Jimla ɗaya ce. Na juyo na dubi mutane, na ga Inna can baya tana ɗaga mini kai.

Na ce, "Jama'a, ban ga komai ba. Laya tana gabas, laya tana yamma, to da me za a gwada? Gwajin ya lalace. Bai ba ni gaskiya ba, ku ma bai ba ku ba. Baɗi in muna raye zan sake, kuma a fili zan yi."

Malam ya sa ƙahon a aljihu, ya hau jakinsa. Ya ce da Liman, ba da ni ba, "Aure yana nan, na ji. Amma 'yata ba za ta kwana ɗaki ɗaya da akwatin nan ba."

Laraba, 29 ga Agusta, da safe

Inna ta koma Janfalan. Ta ce ta haifi mutumin da aka buɗe wa ƙofa ya tsaya yana auna faɗinta.

Alhamis, 30 ga Agusta, da yamma

Haushin Lantana nake ji, gara in rubuta. Damina guda ta ɓata mini. Kullum ina dawowa daga gona ina ce mata geron yamma ya yi kyau, tana cewa madalla, tana zuba mini ruwa a buta. Ta bar ni na tafi Makarfi na buɗe baki. In ta dawo sai ta ji daga gare ni, na tsara maganar tsaf.

In ta dawo.

Asabar, 1 ga Satumba

Na fito da akwatin tsakar gida, kusa da murhu. Na zauna a kansa har inuwa ta juya. Na mayar.

Litinin, 3 ga Satumba, da la'asar

Na fara yankan gero ni kaɗai, ba wanda na gayyata don kada a ƙi zuwa. Na yamma daban, na gabas daban nake ɗaurewa, sai a tsakiyar aiki na tuna ba shi da wani amfani, na haɗe su.

Na buɗe baƙin littafin na karanta babin da yake cewa mutum ya tsaya a kan abin da ya gani ko da duniya za ta juya masa baya. Da kyau. Na rubuta masa a gefe: kai kana da mata?

Ina kewarta. Ina kewar yarinyar. Shi ke nan, na faɗa.

Laraba, 5 ga Satumba, kafin magariba

Ina zaure ina liƙin tayar keke na ji sallama. Lantana ce. A ƙasa ta tako daga Malikanchi, Ummuhani a baya, ƙunshin tufafi a ka. Ba jaki, ba kwanuka, ba Lado. Ƙafafunta duk laka.

Maimakon in ce sannu da zuwa, sai maganar da na tsara ta fito. Na ce, "Kin san abin da kika ɓata mini?"

Ta sauke ƙunshin ta ce, "Na sani. Rabin abincinmu na shekara ka ɗauka kana gwaji da shi, ba ka ce mini uffan ba. Kai in tsutsa ta cinye, ka sami abin rubutawa. Ni ce zan tsaya gaban tukunya yarinya tana kuka."

Na ce ai ba abin da zai sami geron. Ta ce, "In ka san haka, me kake gwadawa?"

Na koma kan tayata. Can na ce, Malam ya san kin taho?

"Ya sani. A zaure na same shi na durƙusa na gaya masa. Ya ce in na fita, in ɗauka ba ni da uba sai ranar da aka ƙona akwatin."

Na ce to me ya sa kika fito? Ta ce aurenta yana nan, Liman ma ya faɗa, ita kuma ba kaya ba ce da za a ajiye har maza su gama musu. Ta kwance yarinyar ta miƙo mini. Ta ce, "Ba zan ce ka ƙona ba. In ka ƙona saboda ni, duk ranar da ka kalle ni hayaƙi za ka gani. Amma ba za su kwana ɗakina ba. Baƙi ne, baƙo kuwa a zaure yake kwana."

Na ce zauren nan ko ƙyaure ba shi da shi, duk wanda ya ga dama zai shigo ya ɗauka. Ta ce ta sani.

Na shiga na jawo akwatin, na ajiye shi a kusurwar zaure, na ɗora shi kan duwatsu saboda gara. Ban sa kwaɗo ba. Mai son karantawa ya zo in fassara masa, ba zan rage ko kalma ba. Mai son ƙonawa kuma sai ya zo da rana, ya same ni a zaune.

Yanzu tana ɗaki, ta juya fuska bango tana kuka a hankali don kada in ji. Duk garin nan ni ake kira mai taurin kai, ni ma na karɓa, har daɗi nake ji. Ashe taurin kan nawa ne, uban da aka rasa nata ne.

Bari in ɗebo mata ruwa ta wanke ƙafa.